Fijo 504: daɗin mallakarta da yadda ake riƙe ta

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan da kuke gani Fijo 504 ce, salun mai ƙofa huɗu. Duk wanda ya yi wayo a Arewa kafin shekarar 2000 ba sai an gabatar masa da ita ba. Ita ce motar manyan ma'aikata, ita ce ta kai amarya ɗakinta, wagon ɗinta mai layin kujeru uku kuwa ita ta yi ta jigilar fasinja tsakanin Kano, Jos, Sakkwato da Maiduguri. Yau idan mai kyau ta gifta sai ka ga dattawa suna bin ta da kallo, yara kuma suna tambayar sunanta.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a 1968, a 1969 ta ci kambun motar shekara ta Turai. Gidan Pininfarina na Italiya ne ya zana bodin, shi ya ba ta but ɗin da ya karyo ƙasa daga baya, wanda ko daga nesa ka hango shi ka san ita ce. A 1975 direba Ove Andersson ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da 504, kuma a shekarar ce masana'antar harhaɗa Fijo ta PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta sama da shekara 20 bayan haka. Wannan shi ne dalilin da ya sa har gobe ake samun kayanta a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, ake kuma samun tsofaffin makanikan da suka san ta ciki da bai.

Daɗinta na farko a kan hanya yake. Sifirin ɗinta masu laushi ne, kuma taya tana da sararin hawa da sauka sosai, saboda haka a kan gargada motar takan shanye ramuka ba tare da ta jijjiga na ciki ba. Kujerun ma masu taushi ne. Gilasai manya, ginshiƙai sirara, direba yana ganin ƙarshen bonet da gefunansa duka. Ku leƙa ƙasa: farfelar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya tana cikin wani bututun ƙarfe a rufe, dutse da yashi ba sa samun ta. Daɗi na biyu, wanda a wurinmu shi ne babba, motar ba ta ɓoye wa mai ita komai. Babu kwamfuta, babu sensa. Mai, wuta da iska ne kawai, kuma kowanne kana iya bin sawunsa da ido da sifana.

Sai dai duk wannan yana rataye ne a kan wadda ka saya, kuma a nan masu sha'awa suka fi yin asara. Mutum ya ji injin yana kuka lafiya, ya ga sabon fenti yana walƙiya, sai ya biya. Inji kuwa shi ne abu mafi sauƙin gyara a jikin 504. Bodi ake saye. Salun da wagon ba su da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da nauyin komai, don haka tsatsa a nan ba munin gani kaɗai ba ce, ƙarfin motar take ci. Ka ɗage kafet ka duba daɓen ƙasa, musamman wurin ƙafar direba, inda ruwa ke taruwa idan robar gilashin gaba ta bushe ta tsage. Ka duba dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi da wuraren da ake kafa jak. Ka buɗe bonet ka kalli inda kan shokazoba yake ɗaure a dama da hagu, idan akwai tsaga ko walda a wurin, motar ta sha kaya ko ta yi karo. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, ka bi jikin ƙofofi da saman tayoyi: inda ya ƙi kamawa, fila, wato ƙullin cike lotsa, aka cusa aka shafe da fenti. Wagon da ta yi haya sai an ƙara sa ido, domin shekarun lodi sukan sa ƙofofin baya su daina rufuwa daidai, alamar bodin ya murɗe.

Tun kana durƙushe, ka tantance wane irin baya gare ta, domin iri biyu ne. Akwai mai tayoyin baya masu motsi kowace da kanta, da birkin faifai a ƙafa huɗu. Akwai mai aksil guda miƙaƙƙe da birkin ganga a baya, irin na wagon da wasu salun. Ta farko ta fi laushi, ta biyu ta fi jure kaya da sauƙin gyara. Kayansu ba sa shiga juna, kada ka je kasuwa ba ka san taka ba.

To, mu buɗe bonet. Injin fetur da aka fi sani shi ne mai silinda huɗu, cc 1971, a kishingiɗe gefe guda don bonet ya yi ƙasa. Bulok ɗin, wato gangar jikin inji, ƙarfe ne, tof silinda da ke rufe samansa na alminiyam, tayimin kuma sarƙa ce ba bel ba. Ga lambobin da ya kamata mai motar ya rubuta ya ajiye a aljihun dashbod. Ratar bawul, a auna injin yana sanyi: na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Ratar fulogi 0.6. Ratar kwantak a cikin distributa, mai raba wa fulogi wuta, 0.40. Jerin tashin wuta 1, 3, 4, 2, kuma a kula, silinda ta ɗaya ita ce ta can baya kusa da giyabos, ba ta gaba kusa da lagireto ba. Yaron makanikin da ya saba da motocin Japan yakan ƙirga daga gaba, sai lissafin ya rikice masa.

Me ya sa muke nanata ratar bawul? Idan ta yi yawa za ka ji ƙas-ƙas a saman inji, ƙarfi ya ɗan ragu, wannan da sauƙi. Idan aka matse ta don a kashe ƙarar, bawul ɗin hayaƙi ba zai riƙa zama sosai a mazauninsa ya huce ba, sai bakinsa ya ƙone, silindar ta rasa matsi. Ɗan ƙara kaɗan a wannan injin lafiya ce. Kwantak kuwa ƙafarsa takan cinye a hankali, ratar ta tsuke, tayimin ya ja baya, motar ta riƙa wuyar tashi da safe tana shan mai. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan kafireta su yi ta murɗa sukurorinta. Ƙa'idar ita ce a fara da bawul, sai kwantak da fulogi, sai tayimin, kafireta ce ta ƙarshe.

Abin da ya fi kashe injin 504 shi ne zafi, kuma yawanci da hannun mai ita. Tof silinda na alminiyam ba ya shiri da ruwan rijiya ko na famfo zalla, yakan ci shi daga ciki, gishirin ruwan kuma ya toshe hanyoyin lagireto. A zuba ruwan lagireto na gaske mai hana tsatsa, a sauya shi duk shekara biyu. Fankar asali tana da wata dabara: maganaɗisun lantarki ne ke kama ta idan ruwa ya yi zafi, ya sake ta idan ya huce. Idan suwic ɗin da ke jikin lagireto ya mutu, ko ɗan gawayin da ke kai mata wuta ya cinye, fankar za ta riƙa juyawa a banza ba ƙarfi, sai ka ga allurar zafin inji tana hawa a cunkoso amma tana sauka a buɗaɗɗiyar hanya. Akwai sukurori uku a jikinta da ake ɗaurewa ta kama dindindin, kuma a zafin Afrilu na Arewa masu ita da yawa haka suke barin ta.

Idan har ta yi zafi gaskit ya ƙone, ga gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci. Silindojin wannan injin silib ne da ake zurawa cikin bulok, ruwa yana zagaye su kai tsaye, kuma tof silinda ne ke danne su. Da zarar an cire shi, kada kowa ya juya injin sai an danne silib ɗin da ƙarfe da kusoshi. In an juya, fistin zai ɗago silib, abin da ya toshe gindinsa ya saki, bayan an haɗa sai ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai, ka ga man ya koma fari-fari kamar kunu. Aikin yini ɗaya ya zama sauke inji. Amma wannan tsarin shi ne kuma alherinta: idan inji ya tsufa, silib, fistin da ringi ake sayowa saiti guda, ba sai an kai bulok wurin gurza ba.

Batun mai a taƙaice: inji yana ɗaukar kimanin lita 4, kuma 20W-50 ya dace da tsohon inji a yanayinmu, a sauya duk kilomita 5,000 tare da filta. Giyabos mai giya huɗu shi ma baƙin man inji yake sha, lita ɗaya da ɗan ɗori, ba man giya mai kauri ba. Aksil na baya ne ke shan mai kauri, 80W-90. Kuloci na ruwa ne, idan feda ta yi laushi giya ta ƙi shiga, a fara duba robobin famfonsa na sama da na ƙasa kafin a ce faranti ya ƙare.

Abu biyu ba a jinkirta su ranar da mota ta shigo gida. Na farko duk robobin fetur daga tanki zuwa kafireta a sauya su, domin roba mai shekara 30 tana tsagewa, fetur a kan injin da ya yi zafi kuwa gobara ce. A ajiye abin kashe wuta kusa da kujerar direba, ba can cikin but ba. Na biyu birki: sababbin robobi, sabon man birki, a kuma duba shekarar tayoyi ko da zanensu bai cinye ba. Motar ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, saboda haka a bar tazara fiye da yadda aka saba a motar zamani.

Wajen kwalliya, ra'ayinmu shi ne a bar ta a kamanninta. Ƙafafunta na inci 14 da murafunsu, bamba mai ƙyalli, zakin da ke gaba, sitiyarinta na asali, su ne darajarta. Faffaɗan taya yana sa sitiyari nauyi, ya kuma lalata laushin da aka saye ta dominsa. Ƙananan kayan ado irin su gilashin fitilar baya da hannun ƙofa sun fi kayan inji wuyar samu yanzu, in ka ci karo da na asali ka saya ka ajiye.

Kada kuma a kulle ta a gareji wata da watanni. Fetur yana bushewa a kafireta ya toshe jet, birki ya kama, batir ya mutu. A fitar da ita duk mako, a yi tafiyar minti 20 zuwa 30 har injin ya ɗau zafinsa sosai, a taka birki, a shiga kowace giya. Idan tafiya ta kama mai ita na tsawon lokaci, a cire kan batir, a saki birkin hannu a sa wa taya waigi, a rufe ta da ƙyallen da iska ke ratsawa, ba leda ba, domin leda tana tara gumi a kan fenti.