Tauraro Ɗaya Ne ko Biyu? Kallon Sama a Karkarar Ringim

Assalamu alaikum jama'a. Nan da kuke gani bayan gari ne, a wani ƙauye na yankin Ringim a Jihar Jigawa. An idar da sallar isha'i, janareton mai cajin waya ya yi shiru. Mutumin birni zai ce duhu ya yi yawa, mu kuwa shi muka zo nema, domin a cikin Kano hasken fitilu ya cinye yawancin taurarin da kakanninmu suka sani.

Ku sa wayarku a aljihu tukuna. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duba waya sau ɗaya ya isa ya mayar da aiki baya. In dole sai an haska, a rufe bakin tocila da jar leda. A dai haska ƙasa kafin a shimfiɗa tabarma, saboda kunama ba ruwanta da ilimin taurari.

To, ku fuskanci arewa. Daga watan Maris zuwa Yuni, da farkon dare, za ku ga taurari bakwai masu siffar ludayi, huɗu kai, uku mariƙi. Larabawa suna kiransu Banatu Na'ash. Ku ƙura wa na tsakiyar mariƙin ido, sunansa Mizar. Kun ga wani ɗan mitsitsi a gefensa? Shi ne Suha, wanda Turawa ke kira Alkor, kuma a zamanin da, da shi ake gwada kaifin ido. Wanda bai gan shi ba kada ya damu, madubin hangen nesa mai ido biyu zai raba su sarai.

Madubin da ke hannuna an rubuta 10x50 a jikinsa. Goman na nufin yana kusanto da abu ninki goma, hamsin ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. A ganina da irinsa ya kamata kowa ya fara, kafin a yi maganar teleskof, wato babban madubin hangen nesa mai ido ɗaya. Amma a nan ne yawancin mutane ke karaya. Madubin da ya ninka tauraro sau goma, rawar hannunka ma sau goma zai ninka ta, sai ka ga taurari suna ta tsalle ka ce kayan ne ba su da kyau. Kayan lafiyarsu ƙalau. Ka jingina da katanga, ko ka kife turmi ka ɗora gwiwar hannu a kai, ko ka kishingiɗa jikin amalanke. Ka ɗan riƙe numfashi. Sai sama ta tsaya cak.

Yanzu mu sa Mizar a teleskof. Ga shi nan, shi kansa ya rabu gida biyu, farare tas, dab da juna. Tun 1617 aka fara ganin haka a Italiya. Hasken nan da ke shiga idonku kuwa ya yi kimanin shekara 80 a hanya.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne Albiriyo, wanda ke tsakiyar sama da farkon dare daga Agusta zuwa Oktoba. Ido yana ganinsa ɗaya, ƙaramin teleskof ya nuna biyu: babba ruwan zinare, ƙarami shuɗi. Launin ba ado ba ne, zafi ne. Shuɗin ya fi zafi nesa ba kusa ba, kamar yadda harshen wutar gas ya fi na kara.

Muna da wata sa'a da mutanen Ingila ba su da ita. Saboda muna kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, a watan Mayu da Yuni muna hango Alfa Sentauri can ƙasa-ƙasa a kudu. Rana biyu ce masu kewaya juna cikin kimanin shekara 80, kuma haskensu shekara huɗu da 'yan watanni kawai yake yi ya iso mu.

Duniyoyi, wato masu kewaya rana kamar duniyarmu, ba sa wahalar ganewa: tauraro yana ƙyafta ido, su haskensu a tsaye yake. Zara matar wata da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, wato Zuhura, kuma a teleskof takan zama rabi ko lauje kamar jinjirin wata. Duniyar Mushtari (Jupiter) kuwa ko da 10x50 za ka ga ɗigo-ɗigo har huɗu a jere kusa da shi. Watanninsa ne, waɗanda Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya gani a 1610. Ka zana su a takarda yau, gobe ka sake dubawa, za ka tarar sun canja wuri, domin na kusa da shi, Iyo, cikin awa 42 yake gama zagaye. Zoben da ke kewaye da duniyar Zuhal (Saturn) sai teleskof mai ninki 30 ko fiye. A 2025 ya juyo mana da gefensa har ya kusa ɓacewa, daga nan yake sake buɗewa a hankali.

Kada kowa, musamman yara, ya kuskura ya kalli rana da waɗannan kaya. Makanta ce nan take.

Maganar lokaci kuma, hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yana dusashe sama, har Kaza da 'Ya'yanta sai a yi ta laluben 'ya'yan. Daren da ruwa ya ɗauke ya wanke ƙura ya fi, haka ma lokacin kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A zaɓi ƙarshen watan Musulunci, lokacin da babu farin wata da farkon dare, a taho da bargo da maganin sauro.