Mura mai tsanani: wane magani ya dace da wa?

Zazzaɓi ya rufe mutum farat ɗaya, gaɓoɓi sun yi tsami, ga busasshen tari. In infuluwenza ce, wato mura mai tsanani, tun daga nan ake ƙirga lokaci, domin magungunan da ke yaƙar wannan bairos sun fi tasiri idan an fara su cikin awa 48. Ga babba mai ƙoshin lafiya, abin da suke ragewa na jinya kamar kwana ɗaya ne. Inda suka fi amfani shi ne wajen tsofaffi, masu juna biyu, da masu ciwon suga, zuciya ko huhu.

Wanda aka fi sani shi ne oseltamivir, wato Tamiflu: miligiram 75, safe da yamma, kwana 5. Aikinsa shi ne hana sababbin ƙwayoyin bairos ficewa daga ƙwayar halittar da suka hayayyafa a ciki. Matsalarsa tashin zuciya da amai, musamman a kwana biyun farko, shi ya sa ake so a sha shi da abinci. Mai ciwon ƙoda kuwa sai likita ya rage masa adadi. Mace mai ciki da wanda aka kwantar a asibiti, shi ake ba su, ko da awa 48 ta wuce.

Zanamivir aikinsu ɗaya da oseltamivir, amma shi gari ne da ake zuƙa ta baki, zuƙa biyu safe, biyu yamma, kwana 5. Mai asma kada ya kusance shi, yana iya ƙuntata masa hanyar numfashi. Peramivir kuma ta jijiya ake ɗura shi, miligiram 600 sau ɗaya, ga wanda amai ya hana shi riƙe ƙwaya.

Baloxavir, wato Xofluza, a 2018 aka amince da shi a Japan da Amurka, kuma hanyarsa daban ce: tun a cikin ƙwayar halitta yake hana bairos ɗin kwafar kansa. Sau ɗaya tak ake sha, miligiram 40, ko 80 ga mai nauyin kilo 80 zuwa sama. Yana rage yawan bairos a hanci da sauri fiye da oseltamivir, sai dai tsawon jinyar kusan ɗaya ne. Ga inda ake yawan kuskure: a kora shi da madara, ko a haɗa shi da maganin ƙwannafi ko na ƙarin jini. Sinadaran kalsiyam, ƙarfe da zink da ke cikin irin waɗannan suna kama maganin a hanji, sai ya kasa kaiwa ga jini yadda ya kamata. Haka kuma a wasu marasa lafiya bairos ɗin kan sauya kama ana cikin jinya, ƙarfin maganin ya ragu.

Amantadine kuwa an daina ba da shi don mura, domin nau'in A na bairos ɗin mura da ke yawo ya daina jin sa, nau'in B kuma dama bai taɓa ji ba.