Karatun da yaro ke yi kafin ya san baƙi

Ku lura da idon yaro ɗan shekara biyu in ana karanta masa littafi mai hotuna. Babba na bin layin rubutu, shi kuwa ko kallon rubutun bai yi ba. Can sai ya dangwala yatsa a gefen shafi: "Kyanwa!" A duba, ashe kuwa ga wata 'yar kyanwa ta laɓe ƙarƙashin kujera, wadda mai karatun bai taɓa gani ba, alhali ya karanta littafin ya fi sau goma.

To, shi ma karatun yake yi, irin nasa.

Yara kan fara nuni da yatsa tsakanin wata tara da shekara ɗaya. In yaro ya nuna abu aka faɗa masa sunansa, hankalin mutum biyu ya haɗu wuri guda, nan ne kalma ke samun wurin zama. Kuma hoto ba ya gudu. Tsuntsun kan bishiya, kafin a ce "ga shi can" ya tashi. Na cikin littafi yana nan yau, yana nan gobe, sai yaro ya ƙoshi da kallonsa.

Dabarar ba ta yau ba ce. Tun 1658 wani malami, Comenius, ya fitar da littafin Orbis Pictus a birnin Nuremberg na Jamus, inda ya haɗa zanen abu da sunansa don yara.

Sai batun kalmomi. Ku saurari maganar da muke wa yara daga safe zuwa dare: zo nan, sa takalminka, bari, kada ka taɓa. Kusan kullum ita ce. Yaushe hira za ta kawo giwa, ko kogo, ko jirgin ruwa? A 2015 masu bincike a Amurka sun gwada littattafan hotuna 100 da maganar da manya ke wa yara, suka tarar littattafan sun fi yawan kalmomi iri-iri.

Amma a ganina babban sirrin yana bakin mai karantawa. A 1988 wani mai bincike a Amurka, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa sun koya wa wasu iyaye su riƙa tsayawa suna tambaya maimakon su zuba karatu kawai. "Mene ne wannan?" In yaro ya ce "kare", sai a ƙara masa: "Ƙwarai, baƙin kare ne yana gudu. Ina za shi?" Cikin wata guda, yaran nan sun fi takwarorinsu iya furta magana.

Akwai kuma "a sake!" Littafi ɗaya, dare bakwai a jere, har babba ya haddace ya gaji. A yi haƙuri a sake ɗin. A karo na biyar ne yaro zai riga ku faɗin abin da ke shafi na gaba, ya gane cewa labari na da farko da ƙarshe, ya kalli fuskar yarinyar da ke hoton ya ce tana fushi.

Babban da bai iya karatu ba fa? Ya ɗora yaron a cinya, ya buɗe shafin farko, ya tambaye shi wa yake gani. Yaron zai ba da rabin labarin da kansa.