Amsoshin Tambayoyinku: Soyayyar Jinsi Ɗaya a Littattafan Almara

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku, ɓangaren littattafai. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan abu ɗaya: ƙagaggun labaran da soyayyar cikinsu ta jinsi ɗaya ce, mace da mace ko namiji da namiji, musamman waɗanda aka saƙa da almara, wato labaran dodanni da sihiri da masarautun da babu su a taswira. Waɗanda suka rubuto sun roƙi a sakaya sunayensu, kuma na sakaya. Duk littattafan da zan ambata da Turanci aka rubuta su, kuma don manya aka yi su.

Wasiƙar farko daga wata 'yar'uwa ce. Ta ce: "Na karanta irin waɗannan littattafai guda uku a jere, duka ukun da mutuwa ko rabuwa suka ƙare. Na gaji da kuka. Wai doka ce sai an kashe ɗayansu?"

'Yar'uwa, kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi, don haka zan ɗan daɗe a kan tambayarki. An yi zamanin da kusan doka ce. A 1928 wata marubuciyar Ingila, Radclyffe Hall, ta fitar da The Well of Loneliness, labarin mace mai son mata. Babu batsa a cikinsa, kuma da rabuwa mai ciwo ya ƙare, amma duk da haka kotu a Landan ta ba da umarnin a lalata kwafe-kwafensa a watan Nuwamban shekarar. A Amurka kuwa, a shekarun 1950, masu buga ƙananan littattafai suna tsoron hukumar gidan waya ta kama musu kaya, sai suka riƙa matsa wa marubuta cewa a ƙarshen labari ɗaya ta mutu, ko ta haukace, ko ta koma ta auri namiji. Daga baya dokokin suka sassauta, amma hannun marubuta ya riga ya saba.

Akwai waɗanda suka ƙi. E. M. Forster ya rubuta Maurice tsakanin 1913 da 1914, ya kuma kafe cewa mutanensa biyu sai sun ƙare tare, a raye, cikin farin ciki. Ya san littafi irin wannan ba zai bugu a Ingila ta wancan lokaci ba, domin sai a 1967 aka sassauta dokar da ke hukunta irin wannan alaƙa tsakanin maza. Sai ya adana rubutun fiye da shekara hamsin, yana nuna wa aminai kaɗai. Ya rasu a 1970, littafin ya fito a 1971. Ki duba fa, mutum ya gwammace kada ya ga littafinsa a kasuwa da idonsa, da ya kashe mutanen da ya ƙirƙira don a yarda a buga. Duk lokacin da na tuna wannan sai na ji girman mutumin ya ƙaru a zuciyata.

Haka Patricia Highsmith. A 1952 ta fitar da The Price of Salt da sunan aro, Claire Morgan. Budurwa ce mai sayar da kayan wasan yara a wani babban kanti a New York, wata mata ta shigo sayen 'yar tsana, daga nan labari ya tashi. Akwai asara a cikinsa, asara babba ma, amma babu gawa, kuma ƙofa a buɗe take a shafin ƙarshe. Sai a 1990 aka sake buga shi da sunanta na gaskiya, da sabon suna Carol.

Yanzu ga abin da zai taimake ki wajen zaɓe. A kasuwar littattafan Turanci, littafin da aka sa wa tambarin rukunin soyayya yana ɗauke da alkawari: soyayyar ce gundarin labari, kuma masoyan za su ƙare tare. Littafin adabi da kawai akwai soyayya a cikinsa bai yi miki wannan alkawari ba. Ki riƙa duba rukunin kafin ki saya. In kuma so kike zuciyarki ta huta a wannan makon, nemi The House in the Cerulean Sea na TJ Klune, na 2020. Linus Baker ma'aikacin gwamnati ne ɗan shekara 40, daga shi sai kyanwarsa, aikinsa duba gidajen marayu masu baiwar sihiri. Aka tura shi wani tsibiri na wata guda ya rubuto rahoto a kan yara shida da mai kula da su, Arthur. Cikin yaran akwai wani da ba wanda ya san ko wace irin halitta ce, jikinsa kamar dunƙulen ruwa, an sha gaya masa cewa shi dodo ne, amma burinsa a duniya bai wuce ya zama yaron otal mai ɗaukar wa baƙi jaka ba. Kullum yana gwaji, yana karɓar kayan Linus, yana miƙa hannu a ba shi tukuici. Wannan yaron ya fi soyayyar da ke littafin zama a raina. Wasu suna cewa zaƙin littafin ya yi yawa, kuma da gaskiyarsu a wasu wurare, amma wanda ya sha ɗaci sau uku a jere ba zai ƙi zuma ba.

Tambaya ta biyu daga wani malami. Ya ce shi tun yana yaro mai son labaran takobi da dodanni ne, kuma ya lura sababbin littattafan wannan fanni da yawa suna ɗauke da soyayyar jinsi ɗaya. Yana so ya san me ya haɗa su.

Malam, abin da ya haɗa su shi ne, marubucin almara da hannunsa yake gina duniyar labarinsa, har dokokinta da abin da mutanenta ke ɗauka abin kunya. Wanda ya rubuta labarin da ke faruwa a Landan ta 1913 dole ya yi fama da kotu da tsegumin maƙwabta, ko ya so ko bai so ba. Wanda ya ƙirƙiri birninsa yana iya cire wannan nauyi, ya bar wa mutanensa wasu matsalolin: yaƙi, cin amana, gadon sarauta. Ellen Kushner ta yi haka tun 1987 a Swordspoint. Birni ne da masu sarauta ke ɗaukar hayar gwanayen takobi su yi musu faɗa. Richard gwanin takobi ne, Alec ɗalibi ne da ya bar jami'a, mai kaifin harshe da neman rigima. Suna zaune ɗaki ɗaya a unguwar ɓarayi, kuma duk birnin babu wanda ya ɗaga gira a kan haka. Abin da ke neman hallaka su makircin manya ne. Babu sihiri ko ɗaya a littafin, ka sani tun yanzu.

Kafin ita akwai Ursula K. Le Guin da The Left Hand of Darkness a 1969, wanda ya ci Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan littattafan almara. Shi ya fi karkata ga almarar kimiyya, kuma ba labarin masoya ba ne kai tsaye. Wani manzo ne ya sauka a duniyar ƙanƙara inda mutane ba maza ba ne ba mata ba, sai 'yan kwanaki a kowane wata jikinsu ke karkata ɗaya ɓangaren, har sarkin ƙasar ya ɗauki ciki. Manzon ya kasa yarda da mutumin da ya fi kowa riƙe masa amana, saboda ya rasa a wane ma'auni zai ɗora shi. Sai da suka ja keken ƙanƙara su biyu a kan wani makeken filin ƙanƙara na tsawon makonni sannan idonsa ya buɗe. Ƙarshensa akwai hawaye, 'yar'uwar da ta yi tambayar farko ta dakata tukuna.

Tunda kuma dodanni ka ce kana so, ga The Priory of the Orange Tree na Samantha Shannon, 2019, shafi fiye da 800. Sarauniya Sabran tana ƙarƙashin matsin lamba ta haifi 'ya mace don sarautar gidansu ta ɗore, Ead kuma baƙuwa ce a fada, tana tsaron ranta a ɓoye da sihirin da ƙasar ta haramta. A duniyar labarin, mutanen yamma suna ƙin dodanni, na gabas suna girmama nasu na ruwa. Gaskiyar magana, farkonsa yana da nauyin tashi, sunaye sun yi yawa, kuma yaƙin ƙarshe ya zo da gaggawa in aka kwatanta da doguwar shimfiɗar da aka yi masa. Amma yadda yarda ke tsirowa a hankali tsakanin matan nan biyu ya biya haƙurin.

Wata ɗaliba ta ce jarrabawa ta sa ta gaba, gajere take so. Ƙanwata, This Is How You Lose the Time War, na Amal El-Mohtar da Max Gladstone, 2019. Kusan shafi 200 ne. 'Yan leƙen asiri biyu na rundunoni masu gaba suna yawo cikin zamunna, suna bar wa juna wasiƙu, da farko na tsokana, daga baya na ƙauna. Wata wasiƙar a zoben cikin kututturen itace aka rubuta ta, wata a cikin ƙwayar iri. Kowane marubuci ya ɗauki murya ɗaya. Turancinsa kamar waƙa yake, don haka kada ki damu in ba ki gane yadda yaƙin ke tafiya ba, ki bi wasiƙun.

Sai wani ɗan'uwa da ke tambaya ko akwai na marubutan Afirka, ko wanda aka gina a kan tatsuniyoyin nahiyar. Akwai. Under the Udala Trees na Chinelo Okparanta ya fito a 2015. Shi ba almara ba ne. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya fara: Ijeoma, yarinya 'yar ƙabilar Ibo, ta rasa mahaifinta a ruwan bama-bamai, aka kai ta aikatau, a can ta haɗu da Amina, Bahaushiya wadda ita ma yaƙi ya raba da danginta. Udala ɗin nan ita ce agwaluma. Abin da ya fi kama ni a littafin shi ne uwar Ijeoma, wadda ke son 'yarta har cikin ranta kuma take cutar da ita da wannan son. Marubuciyar ba ta mai da uwar muguwa ba, kuma wannan adalci ne da ba kowane marubuci ke yi ba. A ɓangaren almara akwai Black Leopard, Red Wolf na Marlon James ɗan Jamaika, 2019, labarin wani mai bin sawu da hanci da aka ɗauka haya ya nemo yaron da ya ɓata, tare da damisar da ke rikiɗa mutum. Amma ina gargaɗi da babbar murya: akwai zubar da jini da fyaɗe da azabtarwa a cikinsa, a fili ƙarara. Ba littafin da za ka miƙa wa kowa ba ne.

Wannan ya kawo ni ga wasiƙar ƙarshe, wadda ta zo da ɗan fushi. Mai ita ta ce ƙawarta ta ba ta The Song of Achilles ta ce mata labarin yaƙin Girkawa ne kawai. Sai da ta yi nisa ta gane soyayyar maza biyu ce, sannan ƙarshensa ya hana ta barci. Ta ce ta ji kamar an yaudare ta sau biyu, tana tambaya ko ta yi laifi da ta ji haushi.

Hajiya, ba ki yi laifi ba. Littafin Madeline Miller ne, ya fito a 2011, ya ci kyautar Orange ta marubuta mata a 2012, kuma ta shafe kusan shekara goma tana rubuta shi tana koyar da harsunan Latin da Girkanci. Ta ɗauko tsohuwar waƙar Homer, mawaƙin Girkawan dā, ta yaƙin birnin Troy ta ba da ita ta bakin Patroclus, abokin jarumi Achilles. Ni ina ganin littafi ne mai kyau ƙwarai. Amma duk wanda ya san waƙar ya san inda za a kwana, wanda bai sani ba kuwa haƙƙinsa ne a gaya masa cewa makoki ke gaba. Ƙawarki ta yi kuskure, ko da da kyakkyawar niyya ta yi.

Ni kafin in miƙa wa mutum littafi irin wannan, ina gaya masa kai tsaye wace irin soyayya ce a ciki. In ya ce ba ya so, magana ta ƙare, ba na jayayya, kuma ba na ɓoye masa don ya tsinci kansa a tsakiya. In ya ce yana so, sai in tambaye shi ko zai iya ɗaukar ƙarshe mai ɗaci a halin da yake ciki yanzu, in kuma gaya masa ko marubucin yana rufe ƙofar ɗaki ko yana barinta a buɗe, domin a nan littattafan suka bambanta sosai: na Klune da ƙyar ya wuce riƙe hannu da sumba, na James kuwa babu abin da ya sakaya. Duk wannan ana iya faɗa ba tare da an fasa ƙwan labarin ba. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan: in wani ya zo a asirce ya tambaye ka irin waɗannan littattafai, amana ya ba ka. Ba ka san dalilinsa ba, kuma ba sai ka sani ba. Ka ba shi sunan littafi, ka riƙe bakinka.

Ki koma wurin ƙawarki ki gaya mata abin da kika gaya mini, cikin lumana. In har yanzu kina son labaran Girkawa, ki ce ta faɗa miki gaskiyar abin da ke cikin na gaba kafin ki buɗe shi.

Lokaci ya cim mana. Akwai wasiƙu biyu a kan fassararrun littattafan ƙasar Sin da ban kai gare su ba, suna nan a ajiye, da su za mu buɗe filin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da tambayoyi, wanda ya ce a sakaya sunansa za a sakaya. Mu kwana lafiya.