Rubutun da Ke Sa Mutum Ya Ji Ana Yi da Shi

Wannan laccar wani malaminmu ne ya yi ta a Tudun Wadan Zariya, a taron 'yan guruf ɗinmu na unguwa, ni na ɗauka a waya na zauna na juye ta rubuce saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Farkon akwai hayaniyar janareto, don haka na fara daga inda magana ta fito sosai.

...to kamar yadda na ce, ni ba malamin kwamfuta ba ne, wayar nan ma ɗana ne ke gyara min ita in ta rikice. Abin da na sani shi ne wasiƙa, don na rubuta ta, na kuma jira amsarta har wata guda.

Ku da kuke zaune nan Tudun Wada, 'yan taku kaɗan tsakaninku da kamfanin ɗab'i na Gaskiya. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam ne editanta, kuma mutane ba labarin gwamnati kawai suke sayenta don shi ba, akwai wasiƙun masu karatu. Mutum yana Gusau ko Yola ya zauna ya rubuto ra'ayinsa, a buga da sunansa da garinsu, wani a Katsina ya karanta ya mayar masa da amsa, ba su taɓa ganin juna ba amma kowa ya san halin ɗan'uwansa ta alƙalami. To wannan ba guruf ba ne? Guruf ne mana, sai dai adimin ɗin edita ne kuma ba ya barin shirme ya wuce. (dariya)

Daga baya ga Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna. Iyayenku mata da ke baya can sun san wannan. Ka sayi kati ka cika, ka jero sunayen mutane kana gaishe su, a karanta a rediyo a sa maka waƙa, har aka kai ga kafa ƙungiyoyin 'yan zaɓi sonka gari-gari, ana ziyartar juna ana zuwa suna da biki, wasu ma aure ya ƙullu ta nan. Ku lura da abin da ke cikin katin nan, sunaye ne. Wane a Kofar Doka, wance a Funtua. Daɗin abin shi ne ka ji an kira sunanka.

Wasiƙar gidan waya ma haka take. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, sai a faɗi dalilin rubutowa, sannan a ƙasa a ce ka gaida min Inna, ka gaida min Baba Ƙarami, yaya ƙafar Goggo. Wanda bai iya boko ba ya je wurin mai rubuta wasiƙa ya biya, ko ya yi da ajami, ya sayi kan sarki ya manna. Tsada da wahala suka sa ba ka rubuta abin da ba ka nufa.

Yanzu fa? Salula ta shigo ƙasar nan a 2001, Facebook aka ƙirƙiro 2004, WhatsApp 2009, yau kowannenmu yana cikin guruf goma ko fiye, na dangi na makaranta na masallaci na 'yan kasuwa na tsofaffin ɗalibai, waya na ta ƙara tun asuba har ka rasa wanne za ka buɗe, amma dan Allah a cikin saƙonnin da suka shigo maka jiya guda nawa ne wani ya zauna ya rubuta maka kai, da kai yake? Ku duba mana, ina jira. Yawwa, na ga wasu suna murmushi. Fowadin ne. Barka da Juma'a mai fulawa, an turo ma mutum ɗari biyu kai ne na ɗari da ɗaya.

Bari in ba ku labarin da ni kaina nake jin kunyarsa. Muna da guruf na 'yan ajinmu na sakandare, akwai wani abokinmu mai yawan barkwanci, kullum shi ke tayar da hira, sai ya yi shiru. Wata ɗaya, biyu, har uku. Mu muna ta musun siyasa da ƙwallo, ba wanda ya ce ina wane. Ashe bawan Allah yana kwance a asibitin Shika, kuma yana karanta duk abin da muke rubutawa, matarsa ce ta faɗa min daga baya, wai in ciwon ya lafa sai ya ce miƙo min wayar in ga 'yan ajinmu. Ranar da ya rasu, cikin awa ɗaya guruf ya cika da sitika ta Inna lillahi, iri ɗaya sak, kowa ya danna ya wuce. Ni ma na danna. Wallahi har yau abin yana ci na, layi biyu kawai, wane kwana biyu lafiya kuwa, da ya ishe shi.

Tun daga nan na canza yadda nake rubutu. In an sanar da rasuwa ba na tura sitika, sai in rubuta abin da na sani game da mamacin ko da ƙarami ne, cewa shi ya ara min keke ranar jarrabawa, ko kullum shi ke riga mu sahun gaba. 'Ya'yansa za su ajiye wannan. In wani ya ce matarsa ta sauka, ina tambayar mai jegon da sunan da muke kiranta, bayan kwana uku in sake komawa ta gefe in ce ya jikin, don ranar farko kowa na yi, rana ta huɗu ce ba kowa.

Wani zai ce Malam ai zumunta a ƙafa take. Haka ne, ban musa ba. Amma ƙanenka yana Fatakwal ko Saudiyya, da wace ƙafar? Kuma ko nan cikin gari daga Samaru zuwa cikin birni kuɗin mota nawa ne yanzu? Rubutun shi ke riƙe igiyar kafin ƙafa ta samu hali, in an yi shi da gaske shi ne ma ke tayar da ƙafar.

Sai maganar faɗa, don na san guruf ɗin nan naku ya taɓa kusan watsewa lokacin zaɓe, kar ku kalli juna an faɗa min. (dariya) Rubutu ba shi da fuska, ba shi da murya. In na ce maka "kai dai ka sani" ina dariya, wasa ne, in na rubuta shi da ƙarfe sha biyun dare zagi ne. Shi ya sa abin da ba za ka iya faɗa wa mutum a zauren gidansu gaban yayansa ba kada ka rubuta shi gaban mutum ɗari. Kuma saɓani a rubuce ba sabon abu ba ne, Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno sun yi ta musayar wasiƙu kan jihadi, magana mai zafi ana tsakiyar yaƙi, amma hujja ake kawowa ana amsa hujja, shi ya sa har yau ana karanta su a jami'a. Naku musun na jiya wa zai iya sake karanta shi ko bayan sati? In ka ga dole ka gyara wa mutum kuskure, bi shi ta gefe. Gyara a bainar jama'a ko gaskiya ce tonon silili ne.

Fowadin ɗin labarai kuwa ba zan daɗe a kai ba, hadisi ne a Muslim, ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Shi ke nan.

Nan wata Hajiya ta ɗaga hannu ta ce ita fa ba ta iya rubutun boko sosai ba, murya take turawa, ko nata bai shiga ba kenan? Malam ya ce:

A'a Hajiya, naki ma ya fi namu, ke ana jin muryarki ana jin in kin damu. Matsalar ɗaya ce, minti tara! (dariya) Mutum yana kasuwa ko yana aji ba zai iya saurara ba sai ya ce anjima, anjiman nan kuma ba ta zuwa. Ki fara da sunan wanda kike yi da shi, ki faɗi maganar cikin minti ɗaya, sauran hirar ki kira shi. Kuma jikokin nan naki da ke riƙe da waya dare da rana, ki sa ɗaya ya zauna ki yi masa shifta kamar yadda ake yi wa mai rubuta wasiƙa da, ke kin samu marubuci kyauta shi kuma ya koyi yadda ake gaida manya, don na ga yaran yanzu "slm" suke rubuta wa kawunsu su ɗora da neman kuɗin data.

Daga nan aka shiga maganar kuɗin asusun guruf, ban juye wannan ba, ma'aji ya ce zai kawo lissafin da kansa ranar Asabar bayan La'asar.