Ina Kuɗin Suke Shigowa? Hira Kan Sana'ar Bayan Tashi Daga Aiki

Hajiya: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mun cika mu uku. Malam ya dawo daga makin jarrabawa, Auta kuma ta zo da wani littafi tana riƙe da shi kamar takardar sammaci.

Auta: Ai sammacin ne Hajiya, kuma ke kika kawo ƙarata.

Malam: Wa'alaikumus salam. Ni ban san an yi shari'a bayan idona ba. A warware mini.

Hajiya: Wata ɗaya ke nan tana mini kuka, wai sana'ar cincin da dambun nama ta hana ta barci amma aljihu wayam. Na ce ta samo littafi mai fallaye arba'in irin na 'yan firamare. Duk sanda ta zauna yin talla ta rubuta ƙarfe nawa ta fara, ƙarfe nawa ta tashi. Duk odar da ta shigo kuma ta tambayi mai ita a ina ya ji labarinta.

Auta: Na yi, mako huɗu cur. Ku sani ni ba na barin wurin aiki sai ƙarfe huɗu, kafin adaidaita sahu ya sauke ni gida biyar ta gota. Tsakanin magariba da ƙarfe goma shi ne duk rayuwar sana'ata, a ciki ake kwaɓi, a ciki ake suya, a ciki ake ƙulli.

Malam: To karanto mana.

Auta: Bidiyo na Instagram da TikTok, awa 30.

Malam: Talatin? Me ake yi a ciki haka?

Auta: Malam, ba ka taɓa ɗaukar cincin a hoto ba ne. Sai ka jira haske, ka goge faranti, ka jera su, ka ga wani ya ƙone a gefe ka cire shi. Ka ɗauka, yaro ya gifta, ka sake. Ka zauna yankawa da haɗawa. In ka ɗora kuma ba ka tashi ba, kowane minti biyar sai ka leƙa ka ga mutum nawa suka kalla. Wannan leƙen ma na rubuta shi, don Hajiya ta ce kar in ɓoye.

Hajiya: Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Oda nawa suka fito daga nan?

Auta: Biyu. Ribarsu naira 6,000.

Hajiya: Ci gaba.

Auta: Saƙon WhatsApp ga waɗanda suka taɓa saye, ɗaya bayan ɗaya, in gaishe su in ce zan yi suya ranar Asabar ko a sa da su. Awa 5 a duk watan. Oda 11, riba naira 38,000. Sai wani kanti a unguwarmu da nake kai wa ƙananan leda, in koma bayan mako in karɓi kuɗi, awa 4, riba 15,000.

Malam: Tsaya in yi aikina na malamin lissafi. Dubu shida a raba gida talatin, naira 200 ke nan kowace awa. Dubu talatin da takwas a raba biyar, 7,600. Kantin kuma 3,750.

Hajiya: Ka ƙara mata da wannan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Raba shi.

Malam: In aka ce awa takwas a rana, kwana 22, awa 176 ke nan. Ya kama kusan naira 400 a awa.

Auta: Wato ni da kaina na ɗauki kaina aiki, ina biyan kaina rabin mafi ƙarancin albashi.

Hajiya: Kuma ba ki cire kuɗin data ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 a kan kuɗin kira da data a farkon 2025, ɗora bidiyo ya daina zama kyauta ko a ido.

Auta: Shi ban ma rubuta ba, tsoro na ji.

Malam: To ni a nan zan ɗan ja da ke Hajiya. Manomi ba ya shuka yau ya auna buhu gobe. Waɗannan mutum 11 da take aika wa saƙo, daga sama suka faɗo? Wataƙila bidiyon ne ya kawo su tun farko. In ta daina, wata shida nan gaba su wa za ta aika wa? Tsofaffin nan dai, har su gaji da cincin.

Auta: Na san za ka faɗi haka, shi ya sa na tambaye su. Bakwai abokan aiki ne da dangi. Uku a wani suna suka ɗanɗana, sanda na kai wa mai jego bokiti guda gudummawa, aka zuba wa baƙi, aka yi ta tambayar wa ya yi. Ɗaya ce tak ta ce a Instagram ta gan ni.

Hajiya: Ka ji ko? Bokitin suna ya fi wayarta iya talla.

Malam: Na ji, amma ɗayar nan ma mutum ce. Kuma akwai abin da littafi ba ya kamawa. Wanda aka ba wa labarinki a gidan suna, kafin ya turo kuɗi sai ya leƙa shafinki ya ga ko da gaske kike. In ya tarar hoton ƙarshe na bara ne, sai ya ce wannan ta daina.

Hajiya: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Shafi kamar allon da ake kafawa a ƙofar shago ne, dole a goge shi. Amma ba a kwana ana goge allo alhali mai saye yana tsaye a ciki.

Auta: Abin da ya fi cin raina ma shi ne masu "nawa ne". Bidiyo ɗaya ya tashi sosai, na yi murna har na kira yayata. Saƙo ya yi ta shigowa, nawa ne, kina ina, za a kawo Legas? Na kwana ina amsawa. Bokitin cincin zuwa Legas, kuɗin mota ya kusa kamo kuɗin kayan. Ko mutum ɗaya bai saya ba.

Hajiya: Su ne 'yan kallo. Ni ma na sha su a harkar atamfa. Akwai wata baiwar Allah, ba zan manta ba, daga la'asar har isha tana cewa turo mini jan, turo mini mai ruwan ƙasa, buɗe shi in ga zanen, kai shi rana in ga launin. Na buɗe turmi tara. Ƙarshe ta ce "zan dawo".

Malam: Ta dawo?

Hajiya: Ta dawo bayan wata biyu ta tambayi ko akwai sababbi. Tun daga ranar na sa farashi a jikin kowane hoto. 'Yan kasuwarmu ba sa so, wai kishiyar sana'a za ta gani ta karya. To ta gani. Wanda ya yi mini magana bayan ya ga kuɗin, rabin ciniki ya faɗa ke nan.

Auta: Ni kunya nake ji, kamar zan kori mutane.

Hajiya: Ki kore su mana. Awa uku gare ki a dare.

Malam: Akwai wani Bature ɗan Italiya, Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki. Shi ya lura cewa kusan kashi 80 na filayen ƙasarsu yana hannun kashi 20 na mutane. Daga nan 'yan kasuwa suka ari maganar, suna cewa mafi yawan kuɗi daga 'yan tsirarun kwastomomi yake fitowa.

Hajiya: Dillaliyar da ta koya mini sana'a ba ta san Italiya ba, amma ta san gidaje biyar ɗin da take fara shiga in ta saro kaya, ta kuma san gidan da ruwa kawai za a ba ta.

Auta: Hajiya, ke da kike aiki kuma kike zuwa Kantin Kwari, yaya kike raba lokacin?

Hajiya: Ni kalanda nake bi. Kwastomomina ma'aikata ne, to me zai sa in cika sitatus ɗin WhatsApp ranar 15 ga wata? Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Ranar da mutum ke lissafin kuɗin cefane in ya ga leshi sai dai ya yi tsaki. Ina zuwa Kwari Asabar ɗin da ke gaban albashi, in ɗauki hotuna a ranar gaba ɗaya, in fara sakin su daga 25 zuwa 5 ga wata. Tsakiyar wata na karɓar bashi ne da hutawa.

Malam: Kin taɓo bashi.

Hajiya: Ai shi ne ramin. Auta, a littafinki, abin da kika rubuta riba, ya shigo hannu?

Auta: Saura mutum biyu a wurin aiki.

Hajiya: To cire su tukuna. Kayan da aka ɗauka ba a biya ba ba ciniki ba ne, kyauta ce mai wa'adi. Na taɓa yin wata na fi kowane wata fitar da kaya, na zo komawa kasuwa uwar kuɗi ba ta cika ba, sai da na ci adashi na toshe. Kuma bin bashi lokaci ne shi ma. Ki hau bene ki sauko, ki tarar ta fita salla, ki dawo gobe. Da na rubuta awannin nan da na gane tun da wuri cewa masu "sai an yi albashi" sun fi kowa tsada.

Malam: Ni nawa darasin kaji ne suka koya mini. Kajin turawan nan na nama mako shida zuwa takwas suke kai sayarwa. Shekarar farko na zuba 'yan tsaki ba tare da na duba komai ba, don na ga kuɗi a hannuna. Suka isa kwana goma sha bayan ƙaramar salla, kowa ya gama soye-soyensa. Ga shi lokacin ya faɗa cikin jarrabawa, ina fama da takardun yara sama da ɗari biyu. Kaza kuwa ba ta san ciniki bai zo ba, kullum sai ta ci. Kowace safiya in buɗe buhun abinci ina kallon ribata tana shiga cikinsu.

Auta: Yaya ka yi da su?

Malam: Wani mai gashi ya kwashe su a yadda ya ga dama. Ya taya, ko albarka ban iya cewa ba. Yanzu daga ranar salla nake ƙirgowa baya, mako bakwai. Kuma ba na jira su girma. Suna mako uku nake fara zagaya ɗakin malamai da masallacin unguwa, wa yake son nawa, a ba da wani abu kafin alƙalami. In na ga sunaye sittin, na san sittin sun fita. Tallan gaba ɗaya bai fi wuni biyu ba in aka haɗa.

Hajiya: Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka yadi yake. Mai tallan shadda a goman ƙarshe na azumi ya makara, teloli sun daina karɓar ɗinki. Yadi a Sha'aban ake tura shi da farkon azumi. Goman ƙarshe na mayafi ne da turare da takalmi, abin da za a saya yau a sa gobe.

Auta: Cincin kuma shi ne na goman ƙarshen.

Hajiya: To kin gani. Bara me kike yi a lokacin?

Auta: Ina koyon yadda ake sa rubutu ya riƙa yawo a kan bidiyo.

Malam: Inna lillahi.

Auta: Ku daina dariya. Amma tambaya ɗaya, don na san akwai masu saurare irina. In na ce zan koma aika saƙo kawai, ba zan zama mai takura ba? Ni kaina ina jin haushin masu jefa ni cikin guruf ban sani ba.

Hajiya: Guruf daban. A WhatsApp akwai hanyar tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, har 256, kowa ya gan shi kamar shi kaɗai aka rubuta wa. Sai dai ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki, shi ya sa duk wanda ya saya nake cewa ya adana tawa. Amma mutanenki ba su kai talatin ba, rubuta musu da hannu. Ki tambayi jikin Mama, ki ce yaya yaran, sannan ki kawo maganar suya. Sau biyu a wata ya isa.

Malam: Bidiyon fa? Har yanzu ban yarda a binne shi ba.

Auta: Ba zan binne ba. Asabar ina cikin suya zan jingina waya in ɗauki minti ɗaya, yadda ya fito haka zan ɗora. Awa ɗaya a mako. Ragowar awannin zan nemi kanti na biyu, akwai wani kusa da makarantar Islamiyya da yara ke cika shi da yamma. Kuma akwai biki biyu a dangi wata mai zuwa.

Hajiya: Bokitin gudummawar ma ki rubuta kuɗinsa a littafi, shi ma talla ne. Ki liƙa lambarki a murfin.

Malam: Ni dai tun da aka fara ake maganar cincin, ban ga ko ɗaya a teburin nan ba.

Auta: Yana jaka. Ƙaramar leda 500.

Malam: A rubuta, sai an yi albashi.

Hajiya: Auta, rufe jakar nan. Masu saurare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.