Mahaɗin Gasasshen Nama a Zafin Bazara

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanmu da warhaka. Uwargida, amarya, da 'yan mata masu koyon girki, ku matso kusa. Yau a tsakar gida za mu yi darasin, nan Unguwar Rimi cikin garin Kaduna, don kicin ba ya shiguwa da wannan zafin. Ga gawayi can ya kama, maigida da samarin gidan suna fama da nama, akwai tsire, akwai balangu, akwai kaji. Mu namu aikin shi ne abin da za a ci naman da shi. Ga kuma autarmu nan za ta kama min aiki.

Kafin mu taɓa wuƙa, ki fara tunanin shi kansa naman. Gasasshen nama yana da maiƙo, yana da yaji, yana da gishiri, ga zafin wuta. Idan mutum ya ci yanka huɗu ko biyar bakinsa zai gundura, sai ya fara neman ruwa. To mahaɗin da za ki ajiye a gefe dole ya kasance mai sanyi ne, ko mai ɗan tsami, ko wanda zai tsotse maiƙon ya cika ciki. Abu na biyu kuma, wanda ni na fi damuwa da shi, dole ya zama abin da zai iya zama a waje bai lalace ba. A watan Maris da Afrilu zafin rana a Kaduna yakan wuce maki 35, ga wuta ba ta tsayawa balle ki dogara da firji. Shi ya sa yau kusan duk abin da zan nuna miki namu ne na gida.

Mu fara da kwaɗon zogale, shi ne babba a wajena. Wannan zogalen ɗanye ne, da safe aka sayo shi a Bakin Dogo. Idan ba ki samu ɗanye ba busasshe ma yana yi, sai dai ki jiƙa shi ki ƙara masa lokaci a wuta. Ku duba yadda nake zage shi: ki riƙe reshen daga sama ki ja yatsunki ƙasa, ganyen zai zubo. Sai ki bi ki tsince 'yan ƙananan tsinkayen nan. Wannan aikin yana cin rai, na sani, amma kada ki tsallake shi. Tsinke ɗaya ya maƙale wa baƙo a haƙori ya isa ya ture farantin gefe.

Auta, miƙo min matsamin nan. Mun wanke shi sau biyu, ruwa kuma ya riga ya tafasa kafin mu zuba. Minti 10 zuwa 15 ya ishi ɗanyen zogale. Ki ɗauko ganye ɗaya ki murje tsakanin yatsu, idan ya murju babu gardama ya yi. Wasu suna jefa kanwa don ya yi saurin laushi. Ni ba na sawa, saboda tana sa shi ya yi luguf ya kuma canza masa ɗanɗano, kuma ɗanyen ganye ba ya bukatarta. Ki tace, ki bar shi ya huce, sannan ki matse. A nan mata da yawa suke samun matsala. Ki dunƙula shi a tafin hannu ki matsa har sai ruwa ya daina ɗiga. Kun gani? Ya zama curi, da na sake shi kuma sai in warware shi da yatsu ya yi wara-wara. Idan kika bar ruwa a jikinsa, ƙulin zai jiƙe ya koma kamar kunu, kuma jiƙaƙƙen kwaɗo shi ne yake saurin yin tsami a zafi.

Yanzu ƙuli-ƙuli. Ki saya wanda kika gutsura kika ji yana ƙaras-ƙaras, babu warin tsohon mai, babu ɗaci. Wanda ya yi ɗaci ko kika ga alamar fumfuna, kada ma ki kawo shi gida. Ki daka a turmi da busasshen barkono kaɗan, citta, gishiri da dunƙule. Kada ya yi laushi kamar fulawa, ki bar masa ɗan tsaki-tsaki, shi ne yake daɗin tauna. Auta tana tambaya wai gwangwani nawa. To ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ga mai koyo dai, idan matsattsen zogalenki ya cika kwanon sha ɗaya, gwangwanin madara ɗaya na dakakken ƙuli zai yi, in ya so ki ɗanɗana ki ƙara.

Ga albasa na yanka siriri, ga attarugu guda biyu na jajjaga. Man gyaɗa kuma na soya shi da 'yar albasa ya huce, cokali uku zuwa huɗu. Ki zuba man a kan ganyen tukuna ki cakuɗa, sannan ƙuli ya biyo baya. Dalili shi ne man yana rufe ganyen, ƙulin sai ya manne a jiki ba tare da ya sha ruwa ba. Tumatir shi ne na ƙarshe, kuma ba yanzu ba. Sai an ce nama ya kusa sauka za ki yanka shi ki zuba, ki matsa rabin lemun tsami a kai. Ki zaɓi tumatir mai tauri, ki cire 'ya'yan cikin idan yana da ruwa da yawa.

Idan kina da rama, haka za ki yi mata, sai dai ita tana da tsaminta, don haka ki zubar da ruwan tafasar farko kuma ba sai kin sa lemun tsami ba. Kwaɗon rama da balangu mai kitse, wallahi ba a magana.

Bari in tsaya a nan in ja kunne a kan ƙulin nan, don abu ne da nake gani a gidaje da yawa ranar gashi. Maza suna can suna birkita ɗanyen tsire a cikin tiren ƙuli, hannu yana shiga yana fita. Idan aka gama sai a ga ƙuli ya ragu a tire, a ce kai asara ne, a kwaso a barbaɗa a kwaɗo ko a kan gurasa. Don Allah uwargida kada ki yarda. Wannan ƙulin ya taɓa ɗanyen nama, ya sha ruwan jini. Naman zai hau wuta, wuta ta kashe abin da ke jikinsa, amma kwaɗonki ba zai ga wuta ba. Tun farko ki raba ƙulinki gida biyu, na maza daban, naki daban a rufe. Haka wuƙa da katakon yanka. Wanda aka yanka kaza a kai kada ya zo kusa da kabejinki sai an wanke shi da sabulu da ruwan zafi. Farantin da aka kai ɗanyen nama bakin wuta ma ba shi za a kwaso gasasshen a ciki ba.

To mu je ga gurasa. Mutanen Kano su ne iyayen gidanmu a wannan fanni, amma a nan Kaduna ma ana samunta, musamman wajen Tudun Wada da yamma. Da fulawar alkama da yis ake yinta a gasa a tanderu, shi ya sa take da wannan ƙamshin. Hanya biyu ce. Ta farko, ki shafa mata man gyaɗa ki ɗora a gefen wayar gashi inda wuta ba ta da ƙarfi, minti ɗaya kowane gefe, ta yi ɗumi ta ɗauki hayaƙin naman. Ta biyu ita ce bandashe. Ku kalli hannuna: ina tsoma yatsu a ruwan ɗumi ina yayyafa mata, ba tsoma ta nake yi ba, don gurasar yau ce tana da laushinta. Idan ta kwana ta yi tauri, to sai ki tsoma ki cire da sauri. Sai ki barbaɗe ta da ƙuli gaba da baya, ki zagaya da mai, ki watsa albasa, kabeji da kokwamba. Ki jera su ɗaya kan ɗaya a tire ki rufe da wani tiren na minti biyar. Da kin buɗe za ki ga ƙulin ya kama jikinta. Ki yanka gida huɗu-huɗu. Gurasa ita ce take ceton mai gida idan baƙi sun fi nama yawa, kowa zai naɗe yankan nama biyu a ciki ya ƙoshi.

Tunda gawayi yana ci, kada a bar shi ya tafi a banza. Dankalin Hausa ki wanke ki naɗe a takardar foyil ki tura cikin toka mai zafi a gefen murhu, minti 30 zuwa 40 gwargwadon girmansa. Ki soka tsinke, in ya shige ya nuna. Dankalin Turawa irin na Jos ki ɗan tafasa shi da gishiri tukuna, ki raba biyu, ki shafa mai da yaji, sannan ya hau waya. Agada kuma ki zaɓi wadda ta fara nuna ba ta yi laushi ba. Masara ba zan ce komai a kanta ba, sai damina ta sauka sabuwa ta shigo.

Yanzu ganyen sanyi. Ga kokwamba, kabeji, karas da albasa. Mafi yawan kayan lambun da muke ci a rani noman fadama ne, da ruwan rafi ake ba su, don haka wanki ba na wasa ba. Ki cire ganyen kabeji na waje ki zubar, ki wanke sauran da ruwa mai tsabta, ki jiƙa a ruwan gishiri da ɗan khal na minti 10, ki sake ɗaurayewa da ruwan da za ki iya sha. Latas ganye-ganye ake wanke shi, ƙasa tana ɓoyewa a gindinsa. Albasar da za a ci ɗanya, ki jiƙa yankakkiyar a ruwan sanyi na ɗan lokaci, zafinta zai ragu, ba za ta bi mutane da wari ba. Miyar da zan zuba a kai ba ta da wuya: ruwan lemun tsami cokali biyu, mai cokali uku, gishiri, masoro da ɗan sukari a bakin cokali. Ki kaɗa a kofi ki ajiye. Sai lokacin ci za ki zuba, domin gishiri yana jawo ruwan kokwamba da kabeji, in kika haɗa da wuri za ki tarar suna iyo.

Na san wata za ta ce, Anti ina salak ɗin bama da ƙwai da wake na gwangwani? Yana da daɗi, ni ma ina yi. Amma ki san inda za ki ajiye shi. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abinci tsakanin maki 5 zuwa 60 na ma'aunin zafi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje ba a firji ba. Hukumomin abinci na Amurka ma sun rage shi zuwa awa 1 idan zafin gari ya haura maki 32, mu kuwa a bazara mun wuce nan tun kafin azahar. Dafaffen ƙwai, dankali da taliya da ake cakuɗawa a ciki su ne suke saurin juyawa, kuma ba lallai ki ji wari ba. Idan dole sai kin yi, ki haɗa kaɗan, ki sa kwanon cikin wata babbar roba mai ƙanƙara, ki ajiye a inuwa, ki riƙa fitowa da shi kaɗan-kaɗan. Abin da ya yi saura bayan taro kada a ce a ajiye wa yara na gobe. Shi ma kwaɗon ba a ce ya wuni a rana ba, ya dai fi haƙuri.

Ga wani abu da nake so ku gwada tunda mangwaro ya cika gari. Ki samu wanda ya nuna amma yana da tauri, ki fere ki yanka ƙanana, ki haɗa da jar albasa, attarugu rabi, gishiri da lemun tsami. Auta ɗanɗana ki faɗa musu. Kin ji ko? Zaƙi, tsami da yaji a cokali ɗaya. Da gasasshiyar kaza ya fi tafiya. Kankana kuwa ki yanka ta a ƙarshe, bayan an ci nama.

Abin sha ba zan daɗe a kai ba. Zoɓo da citta, mu da Allah ya ba cittar Kachia da Kafanchan a jiharmu ai ba mu da uzuri. Ko tsamiya da kanumfari. Ki dafa tun jiya ki ɗura a robobi su daskare, yau su za su zame miki ƙanƙarar kula, suna narkewa ana sha. Kunun aya yana da daɗi amma ba ya jimirin zafi, in za ki yi shi ki yi a ranar, kada ya bar cikin ƙanƙara.

Tsarin aikin kuwa, dakan ƙuli da zoɓo na daren jiya ne. Da safe ki dafa zogale ki matse, ki wanke ganye ki tsane a kwando ki rufe. Da an hura gawayi dankali ya shiga toka. Idan kika ji maza sun ce saura juyi ɗaya, lokacin ne za ki yanka tumatir, ki yayyafa wa gurasa ruwa, ki zuba miyar lemun tsami. Ki ajiye buta da sabulu a bakin tabarma tunda da hannu za a ci, ki kuma rufe kowane faranti saboda ƙuda. Na yara ki ɗebar musu kwaɗo kafin ki sa attarugu.

To ga shi ana kiranmu, nama ya sauka. Auta ɗauko tumatirin mu ƙarasa kwaɗon. A darasi na gaba in Allah ya kai mu za mu yi yajin tsire tun daga suyar gyaɗa har daka. Wassalamu alaikum.